Ƙarfin Babbar Ƙasa Yana da Iyaka

Ya Edita,

Ka ba ni dama in tofa albarkacin bakina kan masu cewa ƙasa ta kama ƙafar babbar ƙasa guda, shi ke nan ta tsira. Amurka ta shafe shekara 20 a Afganistan, ta fice a Agustan 2021, Taliban kuwa sun shiga Kabul tun kafin jirginta na ƙarshe ya tashi. Tarayyar Sobiyet ma haka ta tattara komatsanta daga can a 1989.

Cutar agana fa? Ƙasashe suka haɗa hannu ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da waɗannan biyun da ba sa ga maciji da juna, aka ayyana kawar da ita a 1980.

Naka,
Mai karatu