A daina kwafe alƙaluma da hannu zuwa fom ɗin Excel

Edita, ka ba ni fili in yi magana da ma'aikatan ƙididdiga da masu sa ido kan ayyuka, waɗanda duk ƙarshen wata sai sun cika tsararren fom na Excel da sababbin alƙaluma. An sha wahala wajen tsara fom ɗin nan: kanun tebur, launuka, faɗin layuka, fomuloli da zane-zane. Alƙaluman kuwa a manhajojin ƙididdiga irin su Stata ko R ake lissafa su. Wasu sai su zauna suna kwafewa ɗaya bayan ɗaya da hannu, wasu kuma su bar manhajar ta fitar da fayil, su buɗe su tarar ado ya tafi, fomuloli sun ɓace. Kowanne da maganinsa.

Abin da ke share fom a Stata kalma ɗaya ce, replace. Idan aka haɗa ta da export excel, umarnin fitar da bayanai zuwa Excel, ba ciki take gyarawa ba, fayil ɗin gaba ɗaya take jefarwa ta kafa sabo. Abin da ake so shi ne a ambaci sunan shafin, a sa modify, a nuna akwatin da za a fara zuba alƙaluma, misali cell(B5), sannan a ƙara keepcellfmt domin launi da tsarin lambobin da ke akwatunan su tsaya yadda suke. Mai son zuba sakamako ƙwaya-ƙwaya ya yi amfani da putexcel set tare da modify. A R kuwa, a buɗe fom ɗin da loadWorkbook na openxlsx (kunshin R na aiki da fayilolin Excel), a rubuta da writeData, a adana da saveWorkbook. Umarnin write.xlsx sabon fayil yake yi, ba ruwansa da tsohon tsari.

Amma shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce kada manhajar ta taɓa shafin da ake bugawa ko kaɗan. A buɗe wani shafi dabam a cikin fayil ɗin, ba launi ba ado, a sa masa suna, a ce "danye". Nan kaɗai Stata za ta riƙa zuba kayanta. Shafin rahoto kuma ya riƙa janyo kowace lamba daga can ta hanyar INDEX da MATCH, fomulolin Excel na nemo lamba a wani shafi. Idan aka yi haka, ko an share shafin danye sau goma ba abin da zai sami adon rahoto, muddin abin da ke cikinsa aka share, ba shafin kansa aka cire ba. Cire shi ne ke sa duk fomulolin su koma #REF!

Da me za a janyo? Da lambar shaidar kowace ƙaramar hukuma, ba da sunanta ba. Mai haɗa rahoton ƙananan hukumomi 774 na Najeriya ya san akwai Bassa a Kogi akwai a Filato, akwai Obi a Binuwai akwai a Nasarawa, akwai Surulere a Legas akwai a Oyo. MATCH na farkon da ta ci karo da shi take ɗauka, ba ta kuma yi maka gargaɗi. Haka alƙaluman Kogi za su zauna daram a layin Filato, a buga, a raba.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Modify ba ta share abin da ba ta rubuta a kansa ba. A ce watan jiya ƙananan hukumomin Kano 44 duk sun kawo rahoto, wannan watan 41 ne suka kawo. Sababbin za su cika layi 41, layuka 3 na ƙasa kuwa tsofaffin alƙaluma ne za su ci gaba da zama, jimla ta haɗa da su. Maganinsa shi ne a haɗa bayanan wata da cikakken jerin 44 tun a cikin Stata kafin a fitar, yadda yawan layuka ba zai taɓa canzawa ba. Sai a lura, akwatin da aka bari fanko, idan fomula ta janyo shi, sifili yake nunawa. Wanda bai kawo rahoto ba dabam, wanda ya kawo ya ce sifili dabam, musamman a batun rigakafi ko mace-mace. A sa sharaɗin IF a fomular domin fanko ya fito fanko.

Kwanan wata ma na yin ɓarna. Stata daga 1 ga Janairun 1960 take fara ƙirga kwanaki, R daga 1970, Excel kuma daga 1900. Idan kwanan ya fita daga Stata a matsayin lamba tsura, zai koma baya da shekara 60. A tabbatar an sa masa tsarin kwanan wata na Stata, %td, kafin fitarwa, ko a ƙara wa lambar 21,916. Lambobin waya da na shaida kuwa a fitar da su a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko na 080 zai faɗi, kuma Excel ba ta riƙe fiye da lambobi 15, sauran sifili take mayar da su.

A ajiye fom na asali a gefe, kowane wata a yi kwafinsa a yi aiki a kan kwafin. A rufe fayil ɗin a Excel kafin a kunna umarnin, don idan yana buɗe Stata za ta ƙi adanawa ta nuna saƙon kuskure r(603). Bayan an gama, a buɗe shi a Excel domin fomuloli su sake lissafi, sannan a gwada jimlar da ke shafin rahoto da wadda Stata ta bayar kafin a kai wa shugaba ya sa hannu.

Na gode, Edita.

Daga mai karanta jaridarku, Kano.