Wasiƙa zuwa ga 'yata likita

'Yata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na karanta har sau biyu. Kin ce za ki bar ɗakin duba marasa lafiya ki koma kiwon lafiyar al'umma, ɓangaren shirin tunkarar annoba. Mahaifiyarki ta yi jim, don a wurinta likita shi ne mai tsayawa a kan majinyaci. Ni na sa miki albarka, amma ki saurare ni.

Aikin nan ba kasafai ake gode wa mai yinsa ba. Wanda kika yi wa tiyata ba zai manta da ke ba har abada. Yara dubu kuwa da rigakafi ya tsare daga ƙyanda, ko ɗaya ba zai san sunanki ba, tunda bai kwanta ba balle ya san an cece shi. Dubi agana. Shekaru aru-aru tana kisa tana makantarwa, sai da ma'aikata suka bi ƙauye-ƙauye suna neman mai ita, suna yi wa na kusa da shi lamba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da ita a 1980. Yau wa ke tuna su? In yabo kike nema, tun wuri ki sake shawara.

Yawancin kwanakinki za su ƙare ne a kan ƙidaya da rahotanni, horar da ma'aikata, da roƙon masu riƙe da kasafi su sayi safar hannu da takunkumi alhali gari lafiya lau. Za su ce ɓarnar kuɗi ce. Kada ki gaji da gaya musu ba a fafe gora ranar tafiya. Korona ta nuna wa kowa haka a 2020, har da ƙasashe masu arziki.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne amanar jama'a. Ebola ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016. Da farko mutane ɓoye marasa lafiyarsu suka yi, saboda baƙi sun zo cikin fararen kaya suna ɗauke gawa ba bayani. Sai da aka zauna da dattawa da shugabannin addini, aka samo hanyar binnewa mai tsaro da mutunci, sannan aka fara buɗe ƙofa ga masu bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da majinyaci har kwana 21. Wanda ya ƙi allura ba lallai jahili ba ne. Sau da yawa tsoro ne, ko an taɓa yi masa ƙarya. Ki ji tasa tukuna. Abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ko a gaban ministoci ne.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Dakta Carlo Urbani, wanda ya ankarar da duniya kan SARS, wata cutar numfashi mai tsanani, a birnin Hanoi na Vietnam a 2003, ita ce ta yi ajalinsa. Don Allah kada gaggawa ta sa ki shiga wurin mai cuta ba kayan kariya, ko na minti ɗaya.

Ki riƙa kiran mahaifiyarki kafin kowace tafiya, ba ta barci in ba ta ji muryarki ba. Allah ya tsare ki, ya yi miki albarka.

Mahaifinki