Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar tsofaffin furosesa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da so samu ne, da kowannenku ya zo mun zauna mun yi wannan magana ido da ido, kamar yadda muka saba. Amma makonni uku ke nan waya ba ta huta ba, kuma na lura wasu da ba sa wata guda ba su leƙo mu ba sun ɗauke ƙafa. Shirun nan nasu ya fi faɗan masu kira damuna. Shi ya sa na zauna na rubuta, don kowa ya ji daga bakina.

Abin da ake faɗa ya iso kunnena. An ce mun sayar wa mutane kwamfutocin tebur masu furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, wadda zamani ya wuce, wani ma ya ce kayan juji muke wankewa mu sa a kanta. Wallahi wannan kalma ta yi mini zafi. Shekara goma sha ɗaya muna wannan sana'a, ba mu taɓa sayar da na'ura ba sai mun rubuta sunan furosesarta da shekarar fitowarta a jikin rasit. Duk mai shakka ya ɗauko nasa ya duba.

Matsala biyu ce ta haɗu a lokaci guda, mutane suka ɗauke su abu ɗaya.

Ta farko daga mai kawo mana kaya take. Ba zan kama sunansa ba, mun daɗe tare, kuma ba tarbiyyarmu ba ce. Mun yi yarjejeniya da shi zai kawo kwamfutocin ofis da aka taɓa amfani da su, masu furosesar Intel zubi na takwas, irin su Core i3-8100. Muka biya kafin alƙalami, muka jira. Ya ce kaya na hanya. Muka sake jira. Da suka iso bayan dogon jinkiri, sai muka tarar mafi yawansu Pentium G4560 ne da Core i3-4130. Na kira shi a ranar, ya ce shi ma haka aka ɗora masa, in ba mu so mu jira wani zuwan, wanda shi kansa bai san ranarsa ba. A lokacin akwai mutanen da suka riga suka ba mu kuɗinsu suna jiran na'ura. Me za mu ce musu? Muka kira su ɗaya bayan ɗaya, muka faɗa musu abin da ya zo, muka rage musu kuɗi, wanda ya yarda ya karɓa. Abin da ba mu sani ba shi ne, a wasu daga cikin na'urorin an cire akwatin wuta na asali, wanda ke raba wa sassan kwamfuta lantarki, an sa wani marar suna. Mun gwada kowace ɗaya kafin ta fita, mun bar ta a kunne na sa'o'i, ba ta nuna komai ba. Irin wannan akwati ba ya nuna halinsa a rana ɗaya. Sai an yi makonni ana aiki, ya yi zafi ya huce, sannan ya fara kashe na'ura ana tsakiyar rubutu. An yi mana sakiyar da ba ruwa, mu ma. Na rubuta masa, na kira, na aika yaro, har yau amsa ɗaya ce: a ƙara haƙuri. To ni da ke tsakiya, haƙurin wa zan ba wa?

Don haka in kwamfutarka na mutuwa haka kawai, kada ka ɗora wa furosesa laifi. Furosesa na cikin sassan da suka fi daɗewa ba su lalace ba, domin ba ta da abin da ke juyawa ko gogewa. Abin da ke gajiya shi ne akwatin wuta, da fanka, da faifan ajiya, da man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke sanyaya ta, wanda kan bushe bayan shekaru.

Ta biyu ita ce saƙon da da yawanku suka gani a allo, cewa na'urar ba ta cika sharuɗan Windows 11 ba. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, bayan shekara goma da fitowarsa. Ta buɗe wani shiri na ƙarin sabuntawar tsaro ga masu amfanin gida, wanda a lokacin ta sa wa'adinsa ranar 13 ga Oktoba 2026. Shi kuwa Windows 11, tun da ya fito a 2021 yake neman TPM 2.0, wani sashe na tsaro a cikin na'ura, kuma jerin furosesar da ya amince da su ya fara ne kusan gaba ɗaya daga zubi na takwas a wajen Intel, da Ryzen 2000 a wajen AMD. G4560 zubi na bakwai ce. Taki ɗaya ya raba ta da layin. Kun ga dalilin da ya sa tun farko na nace wa mai kawo kaya a kan zubi na takwas.

Wani zai ce to ku canja mana furosesar kawai. Da zai yiwu da mun yi tun jiya. Zubi na bakwai da na takwas duk a ramin LGA1151 suke zama, amma na takwas na buƙatar madabod, wato babban allon da ake ɗora sassan kwamfuta a kai, mai sabon tsari. Sai an canja madabod ɗin gaba ɗaya. A nan ne masu madabod na AM4, na furosesar AMD, suka yi sa'a: wanda ya fara da ƙaramar Athlon 200GE ta 2018, sau da yawa yana iya ɗora Ryzen mai ƙarfi a kan madabod ɗinsa bayan an sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da madabod.

Yanzu ga tambayar da kowa ke yi mini: tsohuwar furosesa mai araha tana da sauran amfani a yau? Amsata ita ce e, ga wanda aikinsa ya dace da ita, kuma mafi yawanku haka ne. Na san ayyukanku, ni na haɗa muku na'urorin.

Ɗauki G4560 ɗin da ake zagi. A farkon 2017 ta fito, tana da ƙwaya biyu da zare huɗu, wato sassan aiki biyu masu ɗaukar layin aiki huɗu a lokaci guda, gudunta 3.5 GHz, kuma wutar da aka ƙayyade mata wat 54 ce. Lokacin da ta fito, masu haɗa kwamfuta rububinta suka yi, domin ta zo da zare huɗu a kuɗin da a da biyu kawai ake samu. Rubuta wasiƙa, lissafin shago a Excel, buga takardu, cike fom a intanet, karatun yara, duk ba su fi ƙarfinta ba. Tana ma iya warware bidiyon YouTube da kanta ba tare da ta galabaita ba, abin da i3-4130 ta 2013 ke ɗan shan wahala a kansa in bidiyon mai nauyi ne. Ita ma i3-4130 ɗin, ina da ɗaya a kan teburina, da ita nake rubuta muku wannan wasiƙa, da ita muke fitar da kowane rasit. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma na sha faɗa muku shi a baki. Mafi yawan nauyin da mutane ke kuka da shi daga faifan ajiya mai juyawa yake, da ƙarancin RAM. Faifai mai juyawa bai cika wuce megabait 150 a daƙiƙa ba, SSD na SATA kuwa, ma'ajin da ba ya juyawa, yana kaiwa wajen 500, kuma wurin nemo ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa. Na'ura mai RAM gigabait 4 za ta shaƙe da zarar an buɗe shafuka da yawa a burauza, ko da wace furosesa ce a ciki. Ka sa SSD, ka kai RAM 8, ka share ƙura, ka sake man furosesa, sai ka rantse an canja maka na'ura. Mun yi wa mutane wannan ba adadi, gani ya kori ji.

Inda ba ta da amfani ma zan faɗa. Mai tace bidiyo, mai zanen gine-gine, mai son sababbin wasanni, ƙwaya biyu ba za ta kai shi ko'ina ba. G4560 ba ta da AVX2, wani rukunin umarni na furosesa, kuma akwai manhajojin yanzu da ba sa ko tashi in babu shi. Wanda ke da Core 2 Duo kuwa, lokaci ya yi da zai haƙura da ita in Windows yake so, domin Windows 11 zubin 24H2 ba ya tashi a kanta ko da dabara. Ban taɓa sayar wa mai irin waɗannan ayyuka Pentium ba, wasu ma na mayar da su da kuɗinsu a hannu.

Maganar tsaro ita ce ta fi muhimmanci ga mai shiga asusun banki ko mai riƙe bayanan mutane. Windows 10 bai daina aiki ba, amma in ba ka cikin shirin ƙarin sabuntawa, duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano a buɗe za ta zauna. Akwai masu tsallake sharuɗan su ɗora Windows 11 da ƙarfi. Yana yiwuwa, amma Microsoft ta ce ba ta lamunce wa irin wannan na'ura sabuntawa ba, shi ya sa ba na so in yi wa mutum in bai fahimci haka ba. Akwai kuma Linux Mint da Ubuntu, da ake ɗorawa a madadin Windows, kyauta ne, suna gudu lafiya a kan waɗannan furosesa, kuma zubinsu na dogon zango na samun tallafin shekara biyar. Wanda aikinsa a burauza yake, cikin kwana biyu zai saba. Wanda ya dogara da wata manhaja ta Windows ko tsohuwar firinta, sai mun gwada tukuna.

Game da abin da za mu yi, muna kan tattaunawa da mai kawo kaya, muna kuma neman wata hanyar. Ba na son in yi alkawarin rana in saɓa. Muna duba yadda za a sauƙaƙa wa kowa gwargwadon hali, kuma in sha Allahu ba za mu bar kowa da na'urar da ba ta aiki ba. Za ku ji daga gare mu.

Malam, shugaban makarantar da ya karɓi na'urori goma sha biyu a hannunmu tun muna ɗaki ɗaya, har yau yaransa na koyo a kansu, na gode da kiran da ka yi don kawai ka ce in kwantar da hankalina. Hajiya mai buga takardu, shekara tara kina tare da mu, ke kika turo mana ƙannenki biyu, na san taki na cikin waɗanda suka mutu ana aiki, kuma ba ki ɗaga mini murya ba. Kunyarki nake ji. Alhaji, da ka ba mu kuɗi kafin kaya a shekarar da ba wanda ya yarda da mu, ban manta ba. Da ɗalibin nan da ya tara kuɗinsa kaɗan-kaɗan ya sayi ta farko a wurinmu, yau shi ke gyara wa wasu, Allah Ya yi maka albarka.

Waɗanda suka koma wani wuri, ba na riƙe kowa a zuciya. Roƙona ɗaya ne: kafin wani ya ce muku ku jefar da na'urarku ku sayi sabuwa, ku kawo ta in buɗe ta a gabanku, ku ga akwatin wutar da idonku. Ku zo da rasit ɗinku.

Naku,
Mai shago, a madadin yaran da muke aiki tare