Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin da ya tambayi amfanin karatun tarihi

Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. A taron iyayen yara da aka yi nan Garwa, a arewacin Kamaru, ka miƙe gaban jama'a ka ce mini ɗanka ya ci bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, ya kafe sai ya karanta tarihi a Jami'ar Marwa, kai kuwa kana so a gaya maka abin da labarin matattu zai tsinana wa mai rai, tunda ba ya warkar da ciwo, ba ya kuma sa tuwo a kwano. Lokaci ya ƙure mana ranar, shi ya sa nake amsa maka a rubuce, a bainar jama'a kamar yadda ka yi tambayar.

Batun aiki ba zan rufe ka ba. Ƙofofin da ke jiran mai digirin tarihi kaɗan ne, koyarwa ce da aikin jarida da jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma in kuɗin gaggawa ake nema shagonka ya fi jami'a. Amma cewa labarin matattu ne, a nan muka rabu, domin waɗannan matattun har gobe su ne suke yanke wa masu rai hukunci.

Ka tuna Darak, garin masuntan nan na Tafkin Chadi da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da na 1980 ya tsotse mafi yawansa. Ruwa yana ja da baya masunta suna bin sa, cikinsu har da Hausawa masu yawa daga ɓangaren Najeriya. Inda ya tsaya su kafa bukka, su shanya koma, su shuka masara da wake a damshin da ya bari, ba tare da sun ga wani dutse ko shinge da zai ce musu sun shigo Kamaru ba. Da magana ta kai gaban Kotun Duniya da ke ƙasar Holan, Najeriya ta kafa hujja da cewa mutanenta ne a wurin, kuma ita take gudanar da mulkinsu shekara da shekaru. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ba Kamaru gaskiya, kuma abin da ta dogara da shi takardun iyaka ne da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931. A Disamba 2003 Najeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30. Masuncin da ya kwana a wata ƙasa ya tashi a wata bai taɓa jin labarin takardar ba, amma waɗanda suka san ma'ajiyarta, suka iya karanta ta tare da tsoffin taswirori, su suka yanke inda zai biya haraji.

Ita kanta iyakar da kake tsayawa a kanta da lodin kayanka kana cacar baki da 'yan kwastan tana da ranar haihuwa. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809, ya kafa Yola a 1841, kuma Garwa da Marwa da Ngaundere da Tibati da Banyo duk can suke kai gaisuwa. A 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a takarda, Yola ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasar da take mulka ta faɗa hannun Jamus. Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya gudo nan, Jamusawa suka karya rundunarsa a Garwa a wannan shekarar, suka sake karya ta kusa da Marwa a farkon 1902. Su ma ba su daɗe ba: Garwa ta kuɓuce musu a 1915, sansaninsu na kan dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairu 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Sannan a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen arewacin yankin da Ingila ke riƙe da shi suka zaɓi Najeriya, Mubi da Madagali da Gwoza da Bama suka tafi can, har Shugaban Kamaru Ahidjo, ɗan garin nan, ya sa ƙasa zaman makoki. Abin da ya sa ke nan garuruwan Banki da Amcide suke manne da juna amma tuta biyu, ɗan wa yana karatu da Faransanci ɗan ƙane da Ingilishi, kai kana lissafi da sefa surukinka da naira. Wanda ya san wannan, in ya ji rigimar Kashmir ko ta Sudan a rediyo ba zai ɗauka mutanen can haka kawai aka halicce su da son faɗa ba, zai fara da tambayar wa ya ja layin, yaushe, kuma wa aka tambaya.

Akwai kuma ɓangaren da ba ma son a taɓo, kuma a ganina shi ya fi buƙatar masu ilimi. Abin da muke ji a fada ranar salla kirari ne, aikin maroƙa ne, yana da kyau a muhallinsa, amma maroƙi ba ya faɗin wanda aka kama. Hamman Yaji, wanda ya sarauci Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki akwai hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsun Mandara, da lissafin bayi da shanun da aka kawo masa, ana jera su kamar kayan kasuwa. Jikokin waɗanda aka kai wa harin suna Mokolo da Koza, muna haɗuwa da su a kasuwa da aji da wurin zaɓe, kuma ba su manta ba. Duk wanda yake son ya gane abin da ya sa sunan Kirdi, da ake kiran mutanen dutse da shi, yake yi wa mutane zafi, ko ya sa rigimar gona takan koma ta ƙabila cikin yini ɗaya, to daga nan zai fara. Waɗannan duwatsun dai su ne suke ɗauke da gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2025, alhali mun girma ana ce mana mutanen dutse ba su da tarihi.

Mu Hausawa ma muna da rabonmu. Har yau akan kira mu baƙi a wasu garuruwa, ko da yake fatakenmu suna ratsa Adamawa da ayari neman hauren giwa da goro tun kafin Jamusawa su iso arewa, kuma da yawa daga Hausawan Njamena jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka ta ƙasa, zango ya zama gida. Shaidar wannan tana cikin gidajenmu, a gafaka da tsoffin adakoki: wasiƙun ajami da tawadarsu ta koma ja, takardun bashi, sunayen madugai da fatomomi, wani lokaci har da takardar filin da ake shari'a a kansa yau. Na ga adakar da aka buɗe bayan rasuwar mai ita, gara ta cinye tsakiyar kundin ta bar gefe-gefe, magada kuma suka zubar domin ba kuɗi ba ne. Marigayi Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934, ya ƙare rayuwarsa yana bin fadoji yana ɗaukar maganar tsofaffi kafin su tafi, kuma ba don shi ba da tarihin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, da yawa ya bi su kabari. Irin wannan aikin ba a yi wa unguwannin Hausawa sosai ba, dattawan da suka ga zamanin Faransa da idonsu kuwa saura 'yan kaɗan.

Shawara tsakaninka da ɗanka ce, ba zan shiga ba. Roƙona ɗaya ne: kafin ka yanke, in akwai takardun mahaifinka a gida ka fito masa da su, ka haɗa shi da malamin da ya iya ajami su zauna a kansu wannan hutun. In ya gaji cikin mako guda, ka kai shi shago da albarkata. In kuwa ka ga yana ƙin tashi cin abinci, ka biya masa kuɗin mota zuwa Marwa, ka kuma sa masa sharaɗin ya ƙware a Larabci da Fulatanci tare da Faransancinsa.

Allah ya yi wa zuri'a albarka.

Naka,
Malamin tarihi, Garwa