A Duba Cunkoson Ɗakunan Kwanan Ɗalibai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan masaukin ɗalibai a cikin jami'a. Ɗakin da aka gina domin mutum huɗu sai ka tarar da ninkinsu a ciki, wasu sun shimfiɗa katifa a ƙasa, tukwane da bokitai cunkushe a ƙarƙashin gado, babu inda yaro zai buɗe littafi ya natsu. Wanda ya rasa gado kuwa dole ya kama haya a waje, kuɗin mota da tsoron dare su raba shi da laburare. A ganina, hukumomin jami'o'i su fara bai wa sababbin ɗalibai da masu naƙasa gado, kuma kada su ƙara yawan waɗanda suke ɗauka sai sun ƙara gine-gine.

Naka,
Mahaifin wani ɗalibi