A Mayar Wa Yara Ranar Haihuwarsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana iyaye, musamman mu maza, a kan wani al'amari da ya shigo gidajenmu sannu a hankali har ya zauna daram, wato bikin zagayowar ranar haihuwar yara, wanda yanzu kowa ke kira bazday. Ba zan shiga batun halacci ko haramci ba, domin malamai sun yi bayani a kai, kuma kowane magidanci ya san malamin da yake bi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ya gane mini a cikin dangi, da kuma abin da na lura da shi a shekarun da na shafe ina koyarwa a makarantar firamare a nan Kano.

Watannin baya aka gayyaci iyalina bikin cikar jikar yayana shekara ɗaya da haihuwa, na kai su, aka ce lallai sai na tsaya. An kama ɗakin taro, an fitar da anko, an ɗaure balam-balam tun daga bakin ƙofa, an kawo kek mai hawa uku da sunan yarinyar a jikinsa. Ita kuwa mai bikin an sa mata doguwar riga mai tauri da duwatsun ado waɗanda ke sukar ta a wuya, an kuma ɗaura mata wani abu a ka wanda take ta ƙoƙarin fizgewa. Da aka kunna lasifika sai ta firgita ta fashe da kuka, mai hoto yana cewa a share mata hawaye a sake ɗago ta. Aka kama hannunta aka ɗora a kan wuƙa aka yanka kek, wayoyi sun yi mata rumfa ta ko'ina. Bayan la'asar kakarta ta karɓe ta, ta cire mata rigar, ta goya ta, ta zagaya da ita bayan ginin inda babu hayaniya, a can barci ya ɗauke ta tana ajiyar zuciya. Biki ya ci gaba har magariba ba tare da ita ba, kuma ban ji wanda ya tambayi inda take ba. Da dare hotunan suka cika WhatsApp, kowa yana sa albarka.

Ban kawo wannan don in kushe iyayen yarinyar ba, domin na san irin son da suke yi mata, kuma na san sun daɗe suna roƙon Allah haihuwa. Abin da ya dame ni shi ne, uwar ta kwashe adashinta gaba ɗaya, uban kuma ya ci bashin da har yanzu yake biya, duk a kan yinin da mai shi ba za ta tuna ko minti ɗaya daga cikinsa ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun shekarar 2024, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabo, bai kamata magidanci ya takura kansa don kawai kada a ce bikin 'yar maƙwabta ya fi na 'yarsa ba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Inda abin ya fi taɓa mini zuciya shi ne makaranta. A makarantu masu zaman kansu da yawa an mayar da shi kamar doka cewa duk yaron da ranarsa ta zagayo zai zo da kek da lemon kwalba da 'yan ledoji na kyauta, kowane ɗan aji a ba shi ɗaya mai ɗauke da biskit da alewa da fensir. A wata makaranta da na taɓa koyarwa akwai wani yaro ɗan aji biyu, maraya, wanda kawunsa ke biya masa kuɗin makaranta da ƙyar. Duk ranar da aka raba irin wannan leda yakan karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ranar da tasa ta zo bai zo makaranta ba, washegari ma haka. Da na tambaye shi a keɓe, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kowa ya ba ni, ni kuma ba ni da abin da zan ba su." Yaro ɗan shekara bakwai ke nan ya koyi jin kunyar talauci a wurin da aka kai shi ya koyi karatu. Ina roƙon masu makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su zauna su hana wannan al'ada a cikin aji. Idan ana son a faranta wa yaro, ya isa a kira sunansa a taron safe, 'yan'uwansa su yi masa addu'a, a bar shi ya ja layi a ranar, kuma wannan ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duk za su samu daidai wa daida.

Kada wani ya ɗauka Bahaushe bai san shagalin yaro ba sai da kek ya zo. Muna da suna ranar bakwai, muna da yaye inda ake kai yaro gidan kakanni a yi ta lallashinsa da ɗan abin marmari, muna da kaciya da ake yanka wa yaro kaza dangi su yi ta kawo masa kyauta, muna da yawon Sallah. Fiye da duka muna da saukar Alƙur'ani, ranar da yaro zai sa sababbin kaya ya rungumi allonsa mai zayyana, abokansa na biye da shi, a zaga gida-gida ana sa masa albarka. Idan aka cire suna, wanda dama na iyaye ne, a duk sauran yaron ya san abin da ake yi, ya san don shi ake yi, kuma da ƙafarsa yake zuwa wurin mutane. Wannan shi ne abin da bikin ɗakin taro ya rasa.

Da 'yar autata ta cika shekara biyar, mahaifiyarta ta dafa dafa-duka ta zuba a kula, ta haɗa zoɓo a jarka, muka naɗe tabarma, muka tari adaidaita sahu da ni da ita da yara huɗu muka nufi Gidan Zoo. Wannan lambu, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin mulkin marigayi Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ne inda mahaifina ya taɓa kai ni ina ƙarami, kuma har yau ina tuna yadda na ƙanƙame babbar rigarsa da na ji gurnanin zaki. Ita 'yata ba zakin ne ya ɗauke mata hankali ba. A gaban jimina ta tsaya cak, ta ɗaga kai tana kallon dogon wuyan nan, ta juyo ta ce, "Baba, wannan kazar wa ya ba ta abinci ta yi girma haka?" Na durƙusa daidai tsayinta na yi mata bayani cewa tsuntsuwa ce amma ba ta tashi sama, sai dai gudu, kuma ƙwanta ɗaya ya fi na kaza ashirin. Ta ƙi yarda mu matsa sai da jiminar ta sauko da kai ta tsinci wani abu a ƙasa. Da muka je wajen kura, yayanta ya ce ashe wannan ce ta cikin tatsuniyar Gizo, sai ga shi sun zauna a kan tabarma suna gardamar ko ita ce ta cinye ɗan akuya. Abin da na kashe a ranar, har da kuɗin shiga da na mota da gyaɗar da muka saya a bakin ƙofa, bai kai kuɗin kek ɗin da na ambata a sama ba. Yau fiye da shekara guda ke nan, duk baƙon da ya zo gidanmu sai ta ba shi labarin jimina.

Kano ba ta rasa wuraren da uba zai kai 'ya'yansa ba. Ga Gidan Makama kusa da fadar Sarki, ginin da tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, inda yaro zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙin mutanen da. Ga marinar Ƙofar Mata, inda zai ga farin ƙyalle ya shiga rami ya fito shuɗi. Manyan kantuna irin su Ado Bayero Mall ma suna da wuraren wasa, sai dai can kowane wasa da kuɗinsa, kuma yaro yakan dawo da sha'awar abin da aka gagara saya masa.

Maganata ta fi karkata ga maza ne saboda mu ne muka fi zamewa. Da yawanmu mun ɗauka idan mun ba da kuɗin kek mun sauke nauyi, sai mu tura yara da direba ko ƙanin uwarsu, mu kuma mu wuce majalisa mu zauna har dare. Wasu ma suna ganin zubar da girma ne a ga dattijo yana tura 'yarsa a lilo. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma ya tsawaita sujada don kada ya katse wa jikansa da ya hau bayansa. Duk wanda ya fita da ƙaramin yaro kuma ya kula: ya fita da safe ko bayan la'asar, musamman a watannin bazara, ya ɗauki ruwan sha isasshe, idan kuwa lokacin Sallah ne da wuraren nan ke cika maƙil, ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa a aljihun kowane yaro, domin ƙiftawar ido ɗaya ta isa yaro ya ɓace a cikin taro.

Ga hukumomi kuma ina da ƙorafi. Unguwanni da yawa sun wayi gari filayen da yara ke wasa a cikinsu sun zama shaguna da gidaje, har ta kai yaro ba shi da wurin guje-guje sai bakin titi tsakanin babura da kwata. A shekarar 2020 an yi ta maganar ɗauke Gidan Zoo a mayar da shi Tiga, kuma duk wanda ya san nisan Tiga daga cikin gari ya san cewa mai mota ne kaɗai zai iya kai iyalinsa can ya dawo a yini ɗaya ba tare da wahala ba. Ina roƙon a bar wannan lambu inda talaka zai iya zuwa da adaidaita sahu, a ƙara kula da dabbobinsa, sannan kowace ƙaramar hukuma ta keɓe ko da fili ɗaya ne a dasa itatuwa, a kafa lilo, a ja ruwan famfo, a gina banɗaki mai tsabta, a sa mai gadi.

Ɗana na uku zai cika shekara takwas bayan ƙaramar Sallah. Na tambaye shi abin da yake so, ya ce tunda malaminsu ya ba su labarin Barbushe yake son ya hau Dutsen Dala ya gani ko za a hango rufin gidanmu daga can. Na yi masa alkawari, kuma na ce ya gayyato abokansa biyu, in Allah ya kai mu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani mahaifi kuma malamin firamare,
Kano.