Dan Allah Edita a ba latas mai tsayi fili a shafin noma

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Ni mai bibiyar shafinku na noma ne, kuma duk sanda zafi ya kama sai naga koke iri ɗaya na ta dawowa daga masu ɗan lambu a gida, wai sun shuka latas bai fito ba, ko ya fito amma kafin su ci ko sau biyu ya miƙe yayi kara ya fidda fure ganyen ya koma ɗaci, to shawarar da ake basu kullum itace a ƙara ruwa a yi rumfa a jira sanyi. Shawarar ba laifi, amma akwai abinda ban taɓa gani kun kawo ba shiyasa nace bari na rubuto. Akwai wani ɗan uwan latas ɗin da shi zafin ma yake so, shekara uku kenan ina nomansa a bayan ɗaki, kuma wallahi tunda na same shi na daina ɓacin ran da nake yi duk lokacin zafi.

Bari na fara da laifin da mutane ke ɗorawa kansu. Latas ɗin da kowa ya sani mai dunƙulewa kamar kabeji shuka ce ta wuri mai sanyi, yafi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 20, in zafin ƙasa ya haura wajen digiri 30 irin ma ƙin tsirowa yake, yayi kwanciyarsa cikin ƙasa kamar ya mutu. In kuma ya tsira ya girma zafi ya same shi, sai ya gaggauta yin fure dan ya bar iri, a nan ne ruwan nan fari mai kama da madara yake yawa a jikinsa, shine ɗacin da ake ji. Kaga kenan ba rashin iyawar mai lambu bane, halittar shukar ce haka. Ni kaina sai da nayi asarar iri har sau uku a shekara ɗaya, ina ta zargin irin da ƙasar da ruwan, kafin na gane inda gizo ke saƙar.

Wanda nake magana kansa masana tsirrai na kiransa Lactuca indica, Turawa kuma suna masa laƙabi da latas bishiya saboda tsayinsa, ni dai latas mai tsayi nake ce masa. Ba bishiya bace ta gaske, karansa ba katako bane, amma in ya samu wuri yana kai mita 2 har ya wuce, mutum ya tsaya kusa da shi ya ɗaga kai. Asalinsa gabashi da kudu maso gabashin Asiya ne, ana samunsa a Sin da Taiwan da Japan da Koriya, ana nomansa a Indonesiya da Malesiya, wuraren da zafi da laima suka yi yawa har latas na yau da kullum baya jurewa. Danginsu ɗaya da latas ɗin da muka sani, shima in ka tsinki ganyensa zakaga farin ruwan nan ya ɗigo, dama sunan Lactuca daga kalmar madara ya fito a Latin. Ganyensa dogo ne mai tsini, wani a miƙe sumul wani kuma da yanka yanka a gefe, wani ma jijiyar tsakiyarsa ja ce, saboda haka kar mutum yaga nasa ya bambanta da na hoto yace an cuce shi.

Sai dai a kula, akwai wata bishiyar daban ta gaske mai suna Pisonia da itama ake kira da kusan wannan sunan na latas bishiya, ana dafa ganyenta a kudancin Indiya da Siri Lanka, ita reshe ake yanka a dasa. Ba ita nake nufi ba, duk mai neman iri ya nemi sunan kimiyyar a jikin takardar dan kar a samu ruɗani.

Shukarsa ba wuya amma akwai wuri ɗaya da ake kuskure, kuma nima na yi shi. Irin ƙanana ne baƙaƙe masu faɗi, marasa nauyi, in ka binne su da zurfi bazasu fito ba dan suna son haske kafin su tsira. Abinda nake yi shine na jiƙa ƙasar tukuna, na barbaɗa irin a sama, na danna da tafin hannu a hankali, sai na yayyafa ƴar ƙasa mai laushi kaɗan wadda ko rufe su bata gama yi ba, ruwa kuma da yayyafi ba kwarara ba in ba haka ba duk sai ya wanke su ya tara a lungu ɗaya. A wajena cikin sati guda nake fara ganin kore. In sun yi ganye huɗu ko biyar sai na dasa da yamma bayan rana ta yi sanyi, na bar kamar santimita 30 zuwa 40 tsakani, wanda ya matse su zai samu dogayen kara sirara da ganye ƙanana. Ƙasa mai taki ruɓaɓɓe wadda ruwa baya kwanciya a cikinta yake so, yana son danshi amma in saiwarsa ta zauna cikin taɓo ruɓewa take. Wanda bashi da fili babban bokiti ko buhu ya isa, a huda ƙasansa kawai. Ina rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa dan ƙasar ta riƙe danshi, kuma wanda yake samun ranar safe da ƴar inuwa da rana tsaka ganyensa yafi laushi da faɗi akan wanda yake cikin rana tun safe har yamma, na gwada duka biyun gefe da gefe na gani da idona. In yayi tsayi a kafa masa sanda a ɗaure, iska mai ƙarfi na kwantar da shi.

To Malam Edita ga inda nafi so mutane su ji da kyau, wato yadda ake cirarsa. Mun saba latas a tumɓuke shi gaba ɗaya ko a yanke shi daga gindi shikenan an gama, to wannan ba haka ake masa ba. Wajen wata biyu da shuka in ya kai gwiwa, sai ka fara tsinkar ganyen ƙasa, uku ko huɗu daga kowane gindi, ka bar na sama, shi kuma yana ta hawa yana fidda sabo, bayan kwana kaɗan ka dawo ka sake tsinka. A hankali karan zai zama tsirara daga ƙasa da tulin ganye a kai, a nan ne zakaga dalilin da yasa aka ce masa bishiya. Gindi shida nake da su kuma mu biyar ne a gidan, watanni muna ci ba yankewa. Wata maƙwabciyata dana baiwa dashe, da taga yayi kyau sai ta sa wuƙa ta yanke duka rana ɗaya kamar yadda ta saba, ta zo tana cewa ai abin bashi da auki, raina ya sosu sosai dan da ta bi shi a hankali da har yanzu tana ci. Allah ya taimaka wasu sun sake toho daga gindin, dan yana yin hakan in an bar masa ɗan kara da saiwarsa.

In kaga kansa ya fara siriri yana shirin fure, ka katse kan, zai fidda rassa a gefe ka ƙara samun ganye. Amma ka bar gindi ɗaya ko biyu mafi lafiya suyi furen dan iri. Furen ƙanana ne ruwan ɗorawa mai haske, in sun bushe sai su zama farin gashi kamar auduga kowane da ƙwayar iri a ƙasansa, kuma iska kaɗan ta isa ta kwashe su. Ni da safe nake zuwa da takarda na lanƙwaso kan na kakkaɓe a ciki, ko na ɗaura masa yadi mara nauyi na bar shi ya zuba da kansa, na shanya a inuwa na zuba a kwalba mai murfi. Wanda ya tsere kuma zaka ganshi ya fito da kansa a gefen katanga da cikin tukwanen wasu shukokin, wannan ma a sani tun wuri, in baka so ya bazu ko ina ka cire kan furen kafin ya bushe.

Maganar ɗaci bazan ɓoye ba, yana da ɗan ɗaci, yafi latas ɗin da aka saba, kuma bashi da ƙaras ƙaras ɗin nan na mai dunƙulewa. Duk wanda ya ce maka ɗaya suke bai faɗa maka gaskiya ba, kuma irin wannan zuzutawar ce take sa mutum ya gwada sau ɗaya ya watsar. Ganyen sama matasa da aka tsinka da sassafe su ake ci ɗanye, a wanke a yanka a sa ɗan mai da lemon tsami da gishiri, tsamin yana kwantar da ɗacin. Manyan na ƙasa kuwa wuta suke so, ko a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya a tsame, ko a soya sama sama da tafarnuwa, ko a zuba a romo dab da saukewa, in ya daɗe a wuta narkewa yake ya rasa kyansa. A ƙasashen da ya fito har naɗe kifi suke da ganyen su turara, na gwada kuma ya yi daɗi ƙwarai, ganyen ya sha romon kifin ɗacin ya kusa ɓacewa. Shukar da ta sha ƙishi tafi ɗaci, in kaji ya yi yawa ka fara duba ban ruwanka. Sannan baya ajiyuwa, in ka tsinka ka bari a fili kafin azahar yayi yaushi, ina ganin shi yasa ba a cika ganinsa wajen masu sayar da ganye ba, abu ne na a tsinka a ci.

Tsofaffin ganyen da suka yi tauri ma basa zama asara, kaji da agwagi da zomaye suna rububinsu, a Taiwan har ganyen dinya ake ce masa dan da shi ake kiwonsu. Ƙwari kuwa ni darɓa ce kawai ta taɓa damuna a ƙarƙashin ganye, sai dodon koɗi lokacin yana ƙarami in ana ruwa, darɓar ruwa nake fesa mata da ƙarfi ta zube, dodon koɗin kuma na tsince da hannu da daddare, ban taɓa sa masa maganin feshi ba tunda abu ne da ake ci ɗanye.

Roƙo ɗaya zan ƙara, in za a yi rubutu akansa dan Allah kar a maida shi maganin kowace cuta kamar yadda ake yiwa duk wani sabon ganye, ganye ne na ci mai amfani a jiki kamar sauran koren ganye, wannan ma ya ishe shi daraja. Abinda nake so shine ku sa ɗaya daga cikin masu rubuta shafin noma ya tuntuɓi masana ya kawo mana cikakken bayani da hotuna, tun daga irin har zuwa yadda ake tsinkar ganyen daga ƙasa, musamman hoton irin da na furen, dan masu nema su gane shi in sun gani. In an buga kafin zafi ya kama sosai mutane zasu samu damar yin reno da wuri.

Nagode da wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karatunku, mai ɗan lambu a bayan ɗaki